Har Butata Ta Riga Ni

Harlem, daren Lahadi, Oktoba 2016

Ƙanena Illa ya turo hotuna daga hamadar Utah. Duwatsu jajaye kamar an gasa su, da kwazazzabai masu zurfin gaske. Da ya ce in zo mu je, cewa na yi, "Ɗan Agadas zai biya kuɗi ya kalli dutse? Hauka!" Ya tafi, ni na zauna tsaron shago.

Hoton ƙarshe ne ya tsaya mini a rai. Yana zaune kan yashi da magariba, yana dafa shayi da shuɗiyar butata ta Agadas da ya ara. Ya rubuta, "Yaya, shirun nan irin na gida ne."

Na tura masa alamar dariya. Tun ɗazu jiniya ta hana ni barci. Butata ma ta koma hamada, ni ina nan.