Zanen da na wanke da sabulu

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ina kuma gaida masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Babu zagin da za ku yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba cikin shekara biyar ɗin nan.

Hannun wani ma'aikacin asibiti na fara gani, kafin fuskarsa. Dogayen yatsu, da shuɗin tawada a gefen babban yatsa. Ni 'yar Kaura Namoda ce, na tashi da littattafan soyayya na haya, har Mama takan ce ranar da za a tashi duniya da littafi a hannu za a same ni. Duk namijin da ya yi mini magana a hankali, kafin ya rufe baki na gama tsara mana labari har da sunan 'ya'ya. Ina da shekara ashirin da huɗu kumburi ya fito mini a gefen wuya, aka ce ciwon daji ne, aka tura ni wani babban asibiti da ba zan faɗi garinsa ba domin a yi mini gashi, wato a riƙa haska wurin da na'ura kullum na wasu makonni.

Ranar farko aka kwantar da ni a wani ɗaki mai sanyi kamar randa, Sista tana riƙe da mayafina. Ma'aikacin na'urar, bari in kira shi Malam Sa'adu, ya yi kusan awa yana awo, yana zana layuka a wuyana da alƙalami. Da ya gama ya ce, "Kada sabulu ya taɓa wannan zanen. Shi ne idon na'ura. In ya goge sai an sake awo daga farko. Sannu, kin yi ƙoƙari." Daga baya na ji haka yake ce wa kowa, har tsofaffi. Amma a ranar, wa zai gaya mini? Yarinyar da take ganin mutuwa ta zo, sai ga wani ya ce ta yi ƙoƙari.

Shi gashin kuwa 'yan mintuna ne. A kwantar da ke, kowa ya fita, a ja wata ƙofa mai nauyi, ki rage ke kaɗai da ƙugin na'ura. Muryarsa kawai nake ji ta lasifika, "Kada ki motsa." Ni kuwa awar nan ta farko nake marmari.

A bencin jira na san Inna Hajo, wata dattijuwa daga Badarawa ta Shinkafi, da 'yarta Luba. Nata ciwon a mama yake. An riga an yi mata zane, tana jiran ranar da za a fara, amma kullum sai ta zo ta zauna wai don ta saba da wurin. Takan miƙo mini ƙuli-ƙuli ta ce, "Ci, ɗiyata. Ke da kika riga ni shiga, gaya mini gaskiya, wutar tana da zahi?" In ce babu zafi, Inna. Ta ce, "To mi ya sa anka sa mata ƙohwa irin ta kurkuku?" Mu yi ta dariya.

Ranar da za a fara mata, ita ce ta ƙarshe a layi, ni ce ta huɗu. Da safen nan na shiga wanka, na ɗauki soso da sabulu na dirje wuyana. Da gangan. Ba mantuwa ba ce, ba kuskure ba ne, na san abin da nake yi. Da Sista ta ɗaga mayafina na ce zufa ce ta goge shi. Ta dube ni ta ce, "Zufar Kaura har ƙamshin sabulu take yi?" Malam Sa'adu ya ɗauko alƙalaminsa. A kan na'urar ake awon, don haka layi ya tsaya cak. Ya sake zanen bai ko kalli fuskata ba, sai a ƙarshe ya ce, "Kin cinye lokacin wani." Da na fito aka ce wa Inna Hajo lokaci ya ƙure, ta dawo gobe. Ita ce ma take lallashina. "Ba komi, ɗiyata. Wanda ya yi yau shi ka yin gobe."

Washegari na'ura ta lalace. Mako uku ana jiran gyara. Da ta tashi, aka ce waɗanda suka riga suka fara su za a fara kira, domin ba a son gashi ya yanke. Wanda bai fara ba ya koma jerin masu jira. Da Inna ta shiga sau ɗaya tak, da tana cikinmu. Mutanenta suka mayar da ita gida kafin a kira, hanyar Shinkafi ta ɓaci da 'yan bindiga, ban sake ganinta ba. Ni na gama, na warke. Ranar sallama sai da Malam Sa'adu ya duba katina kafin ya kira sunana.

Watan jiya na je suna a Zurmi, wata mata ta tsura wa baƙin tabon wuyana ido, ta ce, "Ba ke ce ɗiyar Kaura ba?" Luba ce. Ta ce Inna ta yi wata bakwai a gida kafin ta rasu, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda sabulu ya taɓa zanenta ba. Duk Juma'a sai ta sa Luba ta bi layukan da kwalli don kada su dushe, tana cewa, "In anka kira ni, kar in ɓata musu lokaci." Masu wankan gawa ne suka goge shi. Tun ranar, ko wanka na shiga na ɗauki soso sai in tuna da ita, in ajiye shi. Yaya mutum zai roƙi gafarar wadda take kabari? Ina ce wa kaina wataƙila ko an yi mata gashin kwananta ya ƙare, amma wa ya ba ni ikon taɓa layinta?

Ga abin da ya sa na rubuto. Luba ma ta ji ƙullutu a mamanta, tana tsoro, kuma mijinta ya ce ba za ta je ba sai da wanda ya san wurin. Ni ta roƙa. Ta ce, "Inna ta sha hwaɗin ke mai sa'a ce, ki raka ni in samu albarkacinki." Ranar Asabar za ta iso Kaura mu shiga mota. In na gaya mata gaskiya, ina tsoron ta fasa tafiyar, in zama na tare uwa na tare 'ya. In na yi shiru, zan zauna da ita a bencin nan tana yi mini godiya, tana sa mini albarka da bakin uwarta.

Don Allah ku ba ni shawara kafin Asabar. Me zan yi?