Dalilin Gaisuwarki a Tsaye

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Saratu,

Gaisuwa da ban girma su isa gare ki a inda kike hutawa. Shekara huɗu ke nan da muka raka ki makwancinki, ban taɓa jin dole in yi miki magana kamar yau ba. A ƙofar ɗakina nake zaune, nan Tudun Wada, ƙafar dama a miƙe kan kifaffen turmi, naɗe da bandeji daga ƙwauri har cinya.

Ga abin da ya same ni. Ina tsugune ina nuna wa ɗalibaina dashen tumatir a lambun makaranta, na juya zan miƙe, sai na ji ƙas a gwiwa. Ta kumbura, kumburin ya sauka, tafiya ma lafiya lau. Amma da na ce zan durƙusa sai ta sarƙe, ba gaba ba baya. Maigidana, Malam Istifanus, ya kai ni asibiti. Likita ya lanƙwasa ƙafar, ya murɗa, ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa ne ya yage, ɓallin yana shiga tsakani kamar tsakuwa a ƙarƙashin ƙyaure. Aka sa ni barci, aka tsaga, aka cire shi. Da na farka nas ta nuna mini a ɗan kwano: fari fat, bai fi yankan albasa ba. Yanzu kowace safiya ana ɗora mini jakar yashi a idon sawu, in ta ɗagawa don cinya ta yi ƙarfi.

Ran Lahadi Gwaggo Talatu, ƙanwar Baba, ta zo duba ni. Ina ba ta labarin sarƙewar, sai ta ajiye kwanon kunu ta zuba mini ido. Ta ce, "Ciwon uwarki ke nan."

Inna, wane ciwo? Yaushe kika yi ciwo?

Ni dai abin da na sani, ke ba kya durƙusa wa kowa. A tsaye kike gaisuwa, hannu ɗaya dafe da bakin ƙofa. A coci kowa ya zube kan gwiwa, ke kina zaune kin sunkuyar da kai. Matan unguwa suka ce girman kai ne. Na ji su, kuma wallahi na yarda da su.

Kin tuna ranar da surukina ya zo gaishe ku kafin bikina? Duk matan gida suka zube, ke kika ɗan rusuna kawai. Na bi ki ɗaki ina huci, na ce kin kunyata ni a gaban dangin miji, ko sau ɗaya ba za ki iya sauke kanki saboda ni ba. Kina ninke zannuwana a lokacin. Ko ɗagowa ba ki yi ba, kika ce, "To, an ji."

Gwaggo ta ce abin ya faru ne tun ina rarrafe, a tsohon gidanmu na Hanwa mai rijiya marar murfi. Kina tsugune kina wanki kika hango ni a bakinta. Kika saki ihu, kika zabura a murɗe, kika cafko ƙafata. A nan gwiwar ta tafi. Mai ɗori ya zo, mutum uku suka danne ki ya ja. Wanzami ya yi ƙaho. Da kika ga za a sake kiran mai ɗorin, kika ce ta warke.

Da aka tambayi yadda aka yi kuwa, kika ce santsin ruwan sabulu ne. Don ni ce 'yar fari. Ba kya kiran sunana, ba kya ɗaukata a gaban mutane, balle a ce an ji ihunki saboda ni. Gwaggo kaɗai ta gani, kika roƙe ta ta rufe bakinta, ita kuma ta rufe.

Inna, tun ran Lahadi abinci bai shiga cikina da daɗi ba. Ni wata biyu kawai na yi da wannan abu, har kuka na yi wa likita. Ke shekara ashirin da wani abu kina daka da shi, kina shan zagi a kansa. Aikin da aka yi mini bai kai tsawon dahuwar wake ba. Ina jin haushinki, in faɗa miki gaskiya. Kalma ɗaya ta isa, ko a ranar nan da na tsaya a kanki ina zuba rashin kunya. Amma haushin kaina ya fi.

Jiya surukina ya zo. Na miƙe da ƙyar zan gaishe shi, sai na ga hannuna dafe da bakin ƙofa, daidai yadda kike yi. Na kwashe labarin duka na faɗa masa. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Na san da kina nan da kin rasa inda za ki sa fuskarki, amma ki yi haƙuri, matan coci ma sai sun ji.

Likita ya ce nan da wata uku zan iya durƙusawa. Wurinki zan fara zuwa.

Ubangiji ya ba ki hutawa a gabansa, inda babu ciwo, babu mai tambayarki dalili. Ya gafarta mini maganar da na faɗa miki, ke ma ki yafe mini. Amin.

Ni ce taki ta fari, wadda ba ki taɓa kiran sunanta ba,
Rifkatu