Sunan Ɗiyata a Lasifikar Gidan Silima

Zuwa ga Alhaji, mai gidan silima na bayan tasha, Talata Mafara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali da ta masu yi maka aiki. Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin alheri.

Ni maƙwabciyarka ce, katangarmu na kallon bayan gidan silimarka. Mu mutanen Maradun ne, mun taso nan bayan ruwan dam ya hau gonakinmu, maigidana kuma ya rasu shekara guda da zuwanmu. Ban yi boko ba, allo na yi. Da ajami na rubuta wannan, wata malamar makaranta ta juya mini. Sau biyu na zo gidanka, Hajiya ta tarbe ni da mutunci, ta ce kana Gusau. Shi ya sa na fito da maganar fili, ko da yake ba ni na fara fito da ita ba.

Na ɗaya. Ban taɓa shiga silima ba, don haka ba zan ce na gani ba. Abin da kunnena ya ji shi zan faɗa, ina tsakar gidana. Makon da ya biyo bayan sallar layya, Juma'a da Asabar da Lahadi, kun nuna wani fim na Turawa. Kamar kullum, mai fassararka yana riƙe da lasifika yana gaya wa mutane abin da ake ciki, muryarsa kuwa har bakin rijiyarmu. Labarin wani mai ofis ne da yarinyar da ke buga masa tafireta. Kowace safiya tana kai masa shayi a tire, da bulala a gefen kofi. Ya dake ta, ta yi godiya. Daga baya ita ta koma kulle shi a kabad ɗin takardu, yana roƙon kada ta buɗe. Wai wannan ita ce soyayyarsu. A ƙarshe ya mutu zaune bisa kujerarsa, ma'aikata suka yi kwanaki suna ajiye masa takardu ba su lura ba. Nan ne dariya ta fi yawa. Ba zan ɓoye ba, da farko da na ji mutane na ta ƙyaƙyatawa ni ma na murmusa, kafin in gane me ake wa dariya. Na yi istigfari a kan wannan.

Na biyu. An ce mini al'adar mai fassararka ce ya raɗa wa 'yan fim sunayen mutanen gari. Jarumi mai doki ya zama wane direba, mai tumbi ya zama wane mahauci, su kuma waɗanda aka kama sunansu har alfahari suke yi. To, a garin nan mace ɗaya aka sani tana buga tafireta a ofishin 'yan kwangila masu kai tsakuwa wurin aikin dam. Ɗiyata ce. Sunanta ya sa wa yarinyar fim, har da sunan sana'arta, don kada wani ya yi kuskure.

Alhaji, ɗiyar fari ce. Shekara ashirin da uku ban taɓa kama sunanta da bakina ba, ko a ɗaka. A lasifikarka na ji shi, kwana uku a jere, ana cewa ta kawo bulala, ta durƙusa. Tana zaune kusa da ni tana tsince shinkafa. Ba ta ɗaga kai ba, ni ma ban dube ta ba.

Ranar Litinin na sa mayafi na je na sami mai fassara. Ya gaishe ni da ladabi, wannan ba zan tauye masa ba. Ya ce wasa ne, kowa ya san wasa ne, Inna ki yi haƙuri.

Na uku. A ofis, direbobin tifa ba su ɗauke shi wasan da ya ƙare ba. Ta tarar da dorina bisa keken rubutunta. Wani ya leƙo ta taga yana tambaya ko yau an sha shayi. Mai ofis ɗin dattijo ne, sa'an ubanta, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Don ya kashe zargi sai ya sa aka fitar da teburinta baranda, inda kowa zai gan ta. Nufinsa alheri ne, amma nan ta wuni a bainar masu wucewa. Yau kwana tara ke nan ba ta koma ba.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni barci. Baffanta, yayan ubanta, malami ne a Birnin Tudu, shi ne waliyyinta. Da ƙyar na shawo kansa ya bar ta ta yi aikin nan. Labari ya isa gare shi cewa an nuna ta a majigi. Malam sau ɗaya ya taɓa kallon majigi, lokacin da aka kawo na aikin dam a dandali, ya ga hakiminsu da idonsa, ya ga gonar da ya sani. Tun daga nan, a wurinsa abin da majigi ya nuna ya faru ne. Na je na rantse masa cewa Baturiya ce a ciki. Ya ce ke kin gani? Na ce ban gani ba. Ba zan iya yi masa ƙarya ba. Ya ce ranar Talata idan ya ci kasuwa zai biyo ya tafi da ita, aiki ya ƙare.

Ga abin da nake roƙo. Kada a ba da haƙuri a lasifika, don za a sake kama sunan. Ina so kai da kanka, tare da mai fassararka, ku je zauren Malam kafin Talata. Ku tafi da hoton fim ɗin da kuka liƙa a ƙofa, ya ga fuskar matar. Ku gaya masa ba a ƙasar nan aka yi shi ba, kuma ku ne kuka sa sunan. Ku da kuka gani, shaidarku zai karɓa. Sannan daga yau kada a ƙara kama sunan ɗiyar kowa a wurin nan. Ban ce ka kori mai fassara ba, yana da iyali.

Allah ya yi wa nemanka albarka, ya rufa asirin 'ya'yanka mata, ya sa kada ka taɓa jin sunansu a inda na ji na tawa.

Talata saura kwana huɗu. Na wanke mata kayan zuwa ofis na goge, na kuma ɗaure mata ƙunshin tafiya Birnin Tudu. Duka biyun suna bisa gadona, ban san wanda zan miƙa mata ba.

Wassalam.

Maƙwabciyarka ta bayan katanga,
Talata Mafara.