Wayata Ba Ɗakin Ajiyarka Ba Ce

Auta,

Na fita, na bar ka kana minshari. Bidiyon jikata tana tatata da ka haɗa mini ya ƙi fita daga manhajar nan, kullum sai ya kai rabi ya cije. Jiya mai gyaran waya ya ce wayar ce ta cika maƙil. Da me? Da bidiyoyinka kana ɗaga ƙarfe ba riga, kana nishi kamar mai naƙuda. Mun sha dariya.

Ga wayar kan firji. Ka kwashe tarkacenka, ka fitar da bidiyon ka tura wa yayanka, bawan Allah yana can wurin aiki bai ga tafiyar 'yarsa ba.

In na dawo ba a yi ba, naka zan tura wa dangi kaf. Goge duk wanda ka ga dama, mai gyara ya ajiye mini ɗaya.

Innarka