Na Zuba wa Keken Fatsar Baba Man Gyaɗa

Hajiya Bushra, don Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina.

Mahaifina masunci ne a Rurum. Tun yana saurayi wani Bature ya ba shi keken fatsa, wato ɗan ƙarfen nan mai hannu da ake juyawa ya naɗe zaren kamun kifi. Yanzu idonsa ya tafi, ƙafa ma ta ƙi. Kullum bayan la'asar sai ya ɗora keken a cinya yana juyawa, yana sauraron ƙis-ƙis ɗinsa. Tun rasuwar Inna, nan kaɗai nake ganin fara'arsa.

Da damina na ga tsatsa ta kama shi. Ni da karambani na wanke shi da omo, na ɗura masa man gyaɗa, tunda da shi muke shafa wa ƙyaure. Bai yi wata ba ya daskare kamar an zuba masa ƙaro, ƙis-ƙis ya ɗauke. Tsoro ya sa na ɓoye shi cikin kwalla, na ce wa Baba ƙanena Lukman ya kai shi Rano gyara. Yanzu Baba ya ɗauka sayar da shi Lukman ya yi. Ko gaisuwarsa ba ya amsawa, yaron kuma bai san laifinsa ba. Jiya na iske Baba yana juya hannu a iska, babu komai a cinyarsa. Na koma ɗaki na yi ta kuka.

'Yarki mai baƙin ciki, daga Rurum

'Yata, share hawayenki. Niyyarki gyara ce, kuma keken bai mutu ba. Man gyaɗa ne ya yi danƙo a ciki.

Ki samo kananzir, tsohon buroshin haƙori da farin faranti. Kafin ki kwance kowane noti ki ɗauki hotonsa a waya, ki jera su yadda suka fito. Ki jiƙa su a kananzir, ki goge, ki bari su bushe sarai. Ruwa kada ya sake taɓa su. Sai ki ɗiga man keken ɗinki a duk inda ke juyawa, ki laƙata ɗan giris a haƙoran ciki, kaɗan kawai.

Amma kada ki yi aikin nan a ɓoye. Na fahimci tsoronki, faɗan uba ba daɗi. Sai dai ki auna: ke faɗan yini guda kike gudu, Lukman kuwa fushin mahaifi yake ɗauke da shi a kan abin da bai aikata ba, ga tsoho ba lafiya. Rai ba ya jira.

Yau ki kira Lukman, ki ɗora keken a cinyar Baba, ki faɗi gaskiya a gabansu. Sannan ku kwance shi tare. Yatsunsa sun san cikinsa fiye da idonki, ke dai ki riƙa miƙa masa.

Ina sa ran ƙis-ƙis zai dawo. Ko bai dawo ba, Baba ya amsa gaisuwar ɗansa tun yana da bakin amsawa. Allah Ya ba shi lafiya, Ya jiƙan Inna.

Hajiya Bushra