Wankan Kifi a Ingila

Zuwa ga Yaya Dikko, a Fakku.

Assalamu alaikum. Ya ƙafar Inna? Ya Bara'atu da yara? Ni lafiya lau nike, sai hannuwana da ruwan sanyi ya tsattsage.

Na ji ciwon hanta ya kashe jar saniyar Baba da 'yar maraƙarta. Allah shi mayar da alheri. Don Allah ku janye sauran daga fadama, can suka ɗauko shi.

Gwamnati ta turo ni koyon likitancin dabbobi, sai aka kai ni gidan kallon kifayen teku. Akwai wani irin kifi mai faɗi kamar faifai, wutsiyarshi kamar bulala. Tsutsotsi kan maƙale mashi a fata har shi bar cin abinci. Aikina in ware shi, in tsoma shi cikin ruwan daɗi, don tsutsar teku ba ta jure shi.

Jiya ɗaya ya mutu. Maigidanmu Bature har da hawaye, ya tara likitoci kan gawar. Na ba shi labarin shanunmu, ya ce ayya, ya miƙo mani bokiti.

In Inna ta tambaya, ka ce ina duba dabbobi. Kada ka faɗi irinsu.

Ƙanenka,
Almu