Ƙafafun da ke Shagon Baba

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ya karatu? Ina fatan malamanku na makarantar Baibul ba su kashe ka da koyon yaren Helenanci ba.

Ba zan ja zance ba. Ranar Talata Baba ya faɗi a shago yana yankan fata. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama bai motsi, magana kuma sai ka kasa kunne. An sallamo mu daga asibiti jiya, amma ni dole in koma gidan mijina da aikina ƙarshen wata.

Abin da ke cin ransa ba ciwon ba ne. Akwai takalmin wata budurwa da ya fara bai gama ba. Kullum sai ya nuna ƙofa da hannun hagu yana cewa "shago, shago". Hutunku ya kusa. Ka zo ka riƙe masa guduma.

Mama tana gaishe ka.

Yayarka.

Zuwa ga Yaya,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. Wasiƙarki ta girgiza ni. Ni da abokan ɗakina mun yi azumin kwana uku saboda Baba.

Zan zo, amma ki fahimce ni. An zaɓe ni cikin masu fita wa'azi a wannan hutun, kuma shekara biyu ina jiran wannan dama. Ni Allah ya kira ni ga rayuka, ba ga dunduniyar takalmi ba. Kin san tun muna yara yana damuna yadda Baba ba ya zuwa taron addu'ar tsakiyar mako, kullum wai aiki. Wataƙila Ubangiji ne ya zaunar da shi don ya saurare shi. Zan yi mako ɗaya in wuce.

Ki gaida maigidanki da yara.

Ƙanenki a cikin Almasihu,
Auta.

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na dawo makaranta jiya. Mako ɗayan da na ce ya zama shida, wa'azin ma ban je ba. Ki yafe mini maganar da na rubuta a kan Baba. Da zan iya karɓo takardar nan da na cinye ta.

Ranar da na buɗe shago, Mama da ni muka kawo shi a keken marasa lafiya. Ya nuna mini akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin tebur, wanda yake hana mu taɓawa. Yaya, kin san abin da ke ciki? Ƙafafu ne. Kwalaye ne da ya zana ƙafafun mutane a kai, sun cika akwatin har murfin bai rufuwa. Babu guda mai kyau a cikinsu. Wata ba yatsu, kuturta ta cinye. Wata ta lanƙwashe ciki kamar lauje. A bayan kowane kwali ya rubuta inda ke yi wa mai ita zafi, da ranar da zai dawo gyara, da abin da yake roƙa masa wurin Allah. "A samu aiki." "Mijinta ya daina jin kunyarta." Mafi tsufa ya girme ki. Na zauna a ƙasa ina karantawa har Baba ya buga tebur ya ce, "Aiki."

Budurwar da kika ambata shan inna ya gajarta mata ƙafar hagu tun tana goye. Shekararta sha tara, tana tafiya a sunkuye, hannu dafe da gwiwa. Tafin takalmin ya kamata ya kai kaurin yatsu huɗu, amma kada ya yi mata nauyi. Na yanka roba, na manna, na goge, na ɗinka. Basilla ta huda ni ban san sau nawa ba. Na kai wa Baba ina jin kaina. Ya cusa hannun hagu ciki, ya lumshe ido, ya shafa, sai ya ce, "Ɓalle."

Sau huɗu, Yaya! A na uku na jefar da wuƙa na ce, "Baba, wa zai ga wannan ɗan tudun?" Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin ya ce, "Ita za ta taka." Ya nuna sama. "Shi zai gani." Na sunkuya na ɗauki wuƙata.

Kwana goma sha ɗaya muka yi. Budurwar ta zo da safe da mahaifiyarta. Na durƙusa na ɗaure mata igiya. Baba ya yi mata alama ta saki gwiwa. Ta ƙi, tana jin tsoro. Ya sake yi. Sai ta ɗaga hannun a hankali, bayanta ya fara miƙewa, ya ci gaba da miƙewa, har na ga ashe ta fi ni tsawo. Ta taka zuwa ƙofa, ta tsaya tana kallon waje, ta ce, "Inna, ashe ana ganin ƙarshen layin nan daga nan?"

Na sha shiga manyan tarurrukan farkawa, amma ban taɓa jin tsoron Allah ya sauko mini kamar a ɗan shagon nan mai warin gam ba. Shekara talatin da wani abu Baba yana sujada a kan wannan benci, ni kuwa ina ƙirga masa ranakun Larabar da bai je coci ba.

Na yanke shawara. Ƙarshen zangon nan zan bar makaranta in koma shago. Ban gaya masa ba tukuna. Ke ce kika iya da shi, ki fara shirya mini hanya.

Allah ya tsare ki.

Auta.

Auta,

Na je gida na karanta wa Baba wasiƙarka. Ya karɓi biro, ya ƙi in taimaka masa. Da hagu ya rubuta, ya kwashe kusan awa biyu, shi ya sa layin yake hawa da sauka. Ga shi na saka maka.

Ɗana,

Na gaishe ka. Kada ka bari. A gidana ba a barin aiki rabi.

Mamarku ta karɓi guduma. Ta fi ka hannu, ta fi ka haƙuri, sau biyu kawai take ɓallewa.

Ka koyi naka da kyau. Ranar da za ka yi wa'azin farko, zan zauna a gaba. In bai yi ba, za ka sake.

Babanka.